Tarihin Karɓar da Masu Sharhi Suka Yi wa Fim ɗin Never Let Me Go

1. Gabatarwa

Wannan takarda ta shafi wani fim na Ingila mai suna Never Let Me Go, watau kada ka sake ni har abada, wanda aka fara nunawa cikin shekara ta 2010. An ɗauko shi ne daga littafin da Kazuo Ishiguro ya buga cikin 2005, mai wannan suna. Labari ne na soyayya tsakanin yara uku waɗanda ba a haife su kamar sauran 'yan Adam ba, kwafo su aka yi daga jikin waɗansu mutane, domin in sun girma a riƙa cire sassan jikinsu ana dasa wa marasa lafiya.

Manufar takardar ita ce a bi diddigin abin da masu sharhi suka faɗa game da wannan labari, da abin da ya raba kansu, da kuma yadda ra'ayi ya yi ta sauyawa. Lalle akwai amfani cikin yin haka, domin sharhin da a ke yi wa labari ya kan nuna tsoron mutanen zamanin da begensu, wani lokaci ma fiye da yadda ya ke nuna labarin kansa.

2. Kalmar da Asalinta

Kalmar da Turawa ke kiran wannan aiki da ita daga Yunananci ta fito, ma'anarta kuwa ƙaramin reshe. Wani masanin tsire-tsire na Amurka, Herbert Webber, shi ya shigo da ita cikin ilmi a 1903, yana nufin shukar da a ke samu daga reshe ba daga iri ba. Duk manomin da ya taɓa sara itacen rogo ya binne ya san abin da a ke nufi: sabon rogon ba shi da uwa da uba biyu, gado ɗaya ya ci, na itacen da aka saro shi. Larabawa kuwa suka kira abin istinsakh, daga kalmar da ke nufin juya littafi. Cikin wannan takarda za a kira shi kwafin halitta, waɗanda aka samar ta wannan hanya kuwa a kira su 'yan kwafi.

Ko wace daga cikin kalmomin nan tana ɗauke da nata hukunci. Reshe dai yana da rai, yana kuma iya zama itace mai inuwar kansa. Amma kwafi a ko yaushe yana bayan asali ne wajen daraja. To, gardamar da ke cikin fim ɗin tana tsakanin ma'anonin nan biyu ne.

Cikin 1962 John Gurdon ya nuna a Oxford cewa ana iya samar da kwaɗo daga ƙwayar halitta ɗaya ta hanjin talibambam. Amma abin bai girgiza duniya ba sai bayan shekara talatin da 'yan kai. Ran 5 ga Yuli 1996 aka haifi wata tunkiya a cibiyar bincike ta Roslin, kusa da Edinburgh, aka sa mata suna Dolly. Ian Wilmut da Keith Campbell da abokan aikinsu sun ɗauko ƙwayar halitta daga hantsar wata tunkiya mai shekara shida, suka haɗa ta da ƙwan da aka cire wa cibiyarsa. Sau 277 aka yi wannan haɗi, ɗaya tak ya kai ga haihuwa. Aka sanar da duniya cikin Fabrairu 1997.

3. Tsoron da ya Biyo Bayan Dolly

Da jin labarin, sai hankalin jama'a ya bar tumaki ya koma kan mutane. Cikin 1997 ɗin nan UNESCO ta fitar da sanarwa wadda ta ce kwafin ɗan Adam ya saɓa wa mutuncinsa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuma ta zauna a Jidda ta haramta shi. Ingila ta kafa dokar hana shi a 2001. Cikin Maris 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da tata sanarwar, ƙasa 84 suka yarda, 34 suka ƙi, 37 suka ƙi jefa ƙuri'a.

Marubuta dai sun riga masana zuwa wannan fage. Tun 1932 Aldous Huxley ya siffanta duniyar da a ke ƙyanƙyasar mutane cikin kwalabe a littafinsa Brave New World. Cikin 1976 Ira Levin ya ƙaga labarin likitan da ya kwafo Hitler, aka mai da shi fim a 1978. Sabo da irin waɗannan, sai mai kallo ya saba da ɗan kwafi ta fuska biyu kaɗai: ko dodo ne abin gudu, ko kuwa bawa ne wanda zai farka ya tsinke sarƙa. Fim ɗin The Island na Michael Bay, wanda ya fito a 2005, ta biyun ya bi. An kashe masa fiye da dala miliyan 120, 'yan kwafin da ke cikinsa kuwa, da suka gane don sassan jikinsu a ke kiwonsu, sai suka tsere, aka yi ta bin su da motoci da bindigogi.

Amma akwai wata hanya ta uku da ta fara tsirowa. Cikin 2002 aka nuna wasan kwaikwayon Caryl Churchill mai suna A Number a dandalin Royal Court na London, Michael Gambon ya fito uba, Daniel Craig ya fito 'ya'yansa uku masu kama ɗaya. Babu ɗakin gwaji a ciki, babu gudu. Uba ne kawai da ɗa suna tuhumar juna. Wasan ya ci lambar jaridar Evening Standard ta wannan shekara. Wannan hanya Ishiguro ya bi.

4. Labarin a Taƙaice

Fim ɗin ya buɗe da rubutu mai cewa a wata Ingila ta ƙage likitoci sun yi wata babbar nasara a 1952, har ya zama kafin 1967 mutane na wuce shekara ɗari a duniya. Sa'an nan aka kasa labarin kashi uku: 1978, da 1985, da 1994.

Kathy da Tommy da Ruth sun tashi a wata makarantar kwana mai suna Hailsham. Ana kula da lafiyarsu ƙwarai, ana sa su zane, wata mata da su ke kira Madam ta kan zo ta zaɓi zanen da ya fi kyau ta tafi da shi. Wata rana wata sabuwar malama ta gaya musu gaskiya ƙiri-ƙiri, cewa ba za su tsufa ba, za a fara cire sassan jikinsu tun suna samari, a cirewa ta uku ko ta huɗu su mutu. Aka sallami malamar, yara suka ci gaba da karatu.

Kathy na son Tommy, amma Ruth ta shiga tsakani ta riƙe shi shekaru. Ana nan sai jita-jita ta bazu cewa in mace da namiji daga Hailsham suka tabbatar suna son juna da gaske, a kan jinkirta musu 'yan shekaru. Tommy ya ɗauka dalilin tara zane ke nan, watau a duba zuciyar mutum a ga ko gaskiya ya ke faɗi. Da Ruth ta ga mutuwa ta matso, ta nemi gafararsu, ta ba su kwatancen gidan Madam. Suka je da zanen Tommy a hannu. Can aka shaida musu ba a taɓa jinkirta wa kowa ba, zanen kuwa an tara ne don a nuna wa duniya ko suna da rai irin na mutane ma tukuna. Tommy ya mutu a kan gadon fiɗa, Kathy kuma ta sami takardar kiranta.

5. Yadda Aka Karɓi Littafin, 2005

An haifi Ishiguro a Nagasaki cikin 1954, iyayensa suka kawo shi Ingila yana da shekara biyar. Ya riga ya ci lambar Booker a 1989 da littafinsa The Remains of the Day, labarin wani baran babban gida wanda ya ƙarar da ransa wajen biyayya. Sabo da haka masu sharhi suka buɗe sabon littafin suna jiran irin wancan, sai ga 'yan kwafi.

Gardamar farko a kan jinsin littafin aka yi ta. A Ingila a lokacin akwai katanga tsakanin adabin da a ke girmamawa da ƙagaggen labarin kimiyya, wanda da yawa ke ɗauka abin yara ne. Littafin nan kuwa ya hau kan katangar ya zauna. Ya shiga cikin shida na ƙarshe na lambar Booker a 2005, ko da ya ke John Banville ne ya ci, ya kuma shiga jerin ƙarshe na lambar Arthur C. Clarke a 2006, wadda ta labaran kimiyya ce. Mujallar Time ta sa shi cikin littattafan hikaya ɗari mafi kyau da aka rubuta da Ingilishi tun daga 1923.

M. John Harrison, wanda shi kansa marubucin labaran kimiyya ne, ya rubuta a jaridar Guardian cewa littafin ba shi da wata kimiyya a cikinsa, kuma ba kwafin halitta ne ainihin zancensa ba; zancensa shi ne yadda mutane ke danne abin da suka sani su ci gaba da zama. Frank Kermode kuwa, a London Review of Books, ya yaba tsarin amma ya koka da harshen Kathy, wanda ya ga ya yi kama da na yarinya mai rubuta abin da ya same ta yau da gobe. Wannan kuka na laushin murya shi ne zai dawo da ƙarfi bayan shekara biyar.

6. Yadda Aka Karɓi Fim ɗin, 2010 zuwa 2011

Alex Garland, abokin Ishiguro, shi ya rubuta wasan, Mark Romanek na Amurka ya ba da umurni. Carey Mulligan ta fito a Kathy, Andrew Garfield a Tommy, Keira Knightley a Ruth, Charlotte Rampling kuma a shugabar makaranta. An fara nuna shi a bikin Telluride cikin Satumba 2010, sa'an nan a Toronto, shi ne kuma ya buɗe bikin finafinai na London cikin Oktoba. Bai shiga gidajen sinima na Ingila ba sai Fabrairu 2011.

Masu yabo ba ƙananan mutane ba ne. Roger Ebert na Chicago Sun-Times ya ba shi tauraro huɗu, iyakar abin da ya ke bayarwa. A ganinsa Romanek ya yi hikima da ya bar ma'anar a binne cikin zaman mutanen uku, tambayar fim ɗin kuwa ita ce yadda mutum zai rayu yana sane da cewa kaya aka ɗauke shi. Richard Corliss na Time ya sa shi cikin finafinai goma da suka fi kyau a shekarar. Masu suka kuma ba su raina aikin ba. Manohla Dargis ta New York Times ta yarda an tsara kome da kyau, amma ta ga babu walƙiyar rai a ciki. In an tara sharhin duka, wajen bakwai cikin goma ne suka karkata ga yabo.

Ana iya tattara sukar ƙarƙashin abu uku. Na fari shi ne sanyi. An ɗauki hoton da launuka masu duhu-duhu, ruwan toka da ruwan ƙasa da kore mai ƙura, 'yan wasa na magana ƙasa-ƙasa, kiɗan Rachel Portman na ta jan baƙin ciki. Waɗansu suka ce kiɗan na yin kukan da mutanen suka ƙi yi. Na biyu shi ne tona asiri da wuri. A littafi mai karatu na gane gaskiya ne kaɗan kaɗan, kamar yadda yaran suka gane ta, an gaya musu amma kamar ba a gaya musu ba. A fim kuwa, kafin a yi rabin sa'a malama ta riga ta faɗi kome. Wannan bambanci daga halin sana'o'in biyu ya fito, domin alƙalami na iya zama cikin kan Kathy ya ga abin da ta ga dama kaɗai, amma na'urar ɗaukar hoto tilas ta nuna ɗakin da duk abin da ke cikinsa.

Na uku shi ne wanda ya fi yawo a bakin 'yan kallo: me ya hana su gudu? Suna tuƙa mota, suna shiga gari, ba a gane su a fuska. Masu fim ɗin sun ƙara musu wani abin hannu mai kama da warwaro wanda su ke dangwalawa a ƙofa, abin da babu shi a littafi, amma wannan bai kashe tambayar ba, sai ma ya ƙara mata ƙarfi. Ishiguro ya sha amsa ta cikin hirarrakinsa. Ya ce labarin bawan da ya tsere an riga an ba da shi sau da yawa, shi abin da ya dame shi shi ne yadda yawancin mutane ke karɓar rabonsu, su nemi ɗan mutunci a cikinsa.

Game da soyayyar ma an rabu. Waɗansu sun ga Garland ya fito da rikicin mutum uku sarari fiye da kima don ya jawo matasa, har ya ƙuntata Ruth ta zama 'yar kishi kawai. Waɗansu kuwa suka ce soyayyar ita ce ginshiƙin tuhumar, domin an bar bayi su yi tsammani so zai fanshe su, alhali kuwa babu ma kotun da za a kai shaidar.

A kasuwa dai fim ɗin ya faɗi. An kashe dala miliyan 15, abin da ya dawo daga gidajen sinima na duniya bai kai miliyan 10 ba. Ba a sa shi takarar lambar Oscar ko ɗaya ba, alhali Black Swan da 127 Hours, waɗanda kamfani ɗaya ya rarraba su tare da shi a Amurka, sun shiga. Abin da ya samu shi ne lambar jarumar shekara ta finafinan Ingila masu zaman kansu, wadda Mulligan ta ci, da lambar Saturn da Garfield ya ci. Cikin shekarar nan kuma aka nuna Womb na Benedek Fliegauf, ɗan ƙasar Hungari, inda Eva Green ta fito a matar da ta ɗauki cikin kwafin masoyinta da ya mutu. Shi ma an yaba hotonsa, an soki sanyinsa. Da alama dai 'yan kallon lokacin ba su shirya ganin ɗan kwafi yana baƙin ciki a zaune ba.

7. Abin da Harshen Labarin ke Ɓoyewa

Akwai wani gefe da sharhin jaridu bai tsaya a kansa sosai ba, shi ne kalmomin da mutanen labarin ke amfani da su. Ba a ce musu bayi, ɗalibai a ke ce musu. Masu tsaronsu kuwa masu riƙo ne. Wanda a ke yanka ana kiransa mai ba da kyauta, ko da ya ke ba a taɓa tambayarsa ba. In ya mutu, sai a ce ya cika.

Kalmar nan ta ƙarshe ba baƙuwa ba ce ga kunnen Bahaushe, domin shi ma ya kan ce wane ya cika. Amma akwai rata mai nisa tsakanin cikawar biyu. A Hausa wa'adin da Mahalicci ya ɗiba ne ke cika, kalmar kuwa girmamawa ce ga mamaci da sassauci ga danginsa. A Hailsham amfanin da mutane suka ɗibar wa jikin yaro ne ke cika, kalmar kuwa sassauci ce ga wanda ya riƙe wuƙa. Sakaya zance iri ɗaya ne a baki, amma ɗaya na rufa wa mamaci asiri, ɗaya na rufa wa mai laifi.

In an lura da wannan, tambayar gudu ta sami amsa daga cikin labarin kansa. Wanda aka raine shi ba a ba shi kalmar zalunci ba, da wuya ya kai ƙara, da wuya kuma ya tsallake shinge. Laushin muryar Kathy da Kermode ya koka da shi, shi ne sarƙar. Kururuwar da Tommy ya yi a gefen hanya bayan sun baro gidan Madam ba ta da kalma ko ɗaya, domin ba a koya masa kalmar da ta dace da wurin ba.

8. Bayan Shekaru

Sannu a hankali darajar labarin ta ƙaru. Cikin 2014 Yukio Ninagawa ya mai da shi wasan dandali a Japan, a 2016 gidan talabijin na TBS ya yi shi kashi-kashi da Japananci. Cikin 2017 Ishiguro ya ci lambar Nobel ta adabi, mutane suka koma neman fim ɗin. A 2024 aka sake nuna shi a dandali a Ingila, bisa rubutun Suzanne Heathcote. Garland kuma ya zama mai ba da umurni da fim ɗinsa Ex Machina na 2014, sai masu nazari suka waiwayi aikinsa na farko da sabon ido.

Ilmin kansa ya sauya hanya. Dolly ta mutu a Fabrairu 2003 da ciwon huhu, bayan ta haifi 'ya'ya shida. Iƙirarin Hwang Woo-suk na Koriya ta Kudu, cewa ya kwafi ƙwayoyin tayin ɗan Adam, ya tabbata ƙarya ne kafin farkon 2006. Cikin 2006 ɗin Shinya Yamanaka ya gano hanyar mai da ƙwayar halitta ta babba kamar ta tayi ba tare da kwafi ba, ya raba lambar Nobel da Gurdon a 2012. An kwafi birai biyu a Sin, aka sanar a 2018, amma tsoron masana'antar 'yan kwafi ya ja baya.

Abin da bai ja baya ba shi ne cinikin sassan jikin matalauta. Cikin 2008 likitocin dashe na duniya suka fitar da sanarwar Istanbul don yaƙi da shi. A 2023 wata kotu a London ta ɗaure wani babban ɗan majalisar dattawan Nijeriya bisa laifin haɗa baki a kawo wani saurayi ɗan tireda daga Ikko don a cire masa ƙoda. Mai kallon fim ɗin bayan wannan shari'a ba ya bukatar a kwafi kowa kafin ya gane inda aka dosa.

9. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga karɓar labarin nan ta bi mataki uku. Da fari an yi gardama ko wane irin littafi ne. Sa'an nan aka yi gardama ko fim ɗin na da rai ko babu. Daga baya yawancin masu sharhi suka tsaya a kan cewa misali ne na ƙarewar ran kowa, fassarar da Garland ya ƙarfafa da ya sa Kathy a ƙarshen fim tana tunanin ko rayuwarsu ta bambanta ƙwarai da ta waɗanda a ke ceto da jikinsu, tun da kowa zai cika.

Wannan fassara tana da gaskiya, amma tana da haɗari in an tsaya a kanta kaɗai. Gaskiya ne kowa zai mutu. Amma cikin labarin nan akwai masu mutuwa suna da shekara talatin domin waɗansu su wuce ɗari, su waɗannan ɗin kuwa ba a nuna su sai daga nesa, suna cin abinci, suna aikin ofis, suna kau da kai. Mai sharhin da ya ce dukanmu Kathy ne ya zaɓi kujera mai daɗi. Shekara da shekaru ana tambaya me ya hana yaran gudu. Tambayar da aka fi jinkirin yi ita ce me ya hana mutanen gari, waɗanda suka san kome, buɗe musu ƙofa.